Ƙudajen da Inna Ta Kama

Tun da na yi wayo faɗa nake yi da ƙuda. Duk macen da ke bandar kifi a bakin ruwan Wara ta san wannan faɗan, ba sai na yi mata bayani ba. Ki fasa cikin tarwaɗa, ki juya ki ɗauraye wuƙa, kafin ki waigo sun rufe ta baƙi ƙirin, kamar wani ya zaga gari ya yi musu shela. In kuwa kika yi sake guda ɗaya ya yi ƙwai a bakin kifi, shi ke nan, kwana biyu tsutsa ta cinye miki wahalarki.

Inna, mahaifiyata, ita ta koya mini banda, ita kuma ta koya mini faɗan. Ba ta san wani makami ba sai gishiri da hayaƙi da mafici. Mace ce mai zafi, wurinta na gado nawa zafin, kuma a kan kifi ba ta da wasa ko kaɗan. Takan ce, “Kihin da ba ki iya ba ɗanki shi ci, kada ki kai shi kasuwa.” Na taɓa ganin ranar da wata ta shigo rumfarmu da kwalbar fiya-fiya, maganin kashe sauro da kyankyaso ɗin nan, tana cewa yanzu kowa shi yake yayyafa wa kifi don ƙuda. Inna ta miƙe tsaye. Itacen wuta ta zaro daga murhu, ta bi ta da shi har bakin hanya, matar tana gudu takalminta ɗaya a hannu.

Shekarar da mijina ya rasu na dawo gida wurinta, muka ci gaba da sana'a mu biyu. Bayan shekara biyu, wata safiya tana juya kifi a kan ragar wayar banda, ta yanke jiki ta faɗi. Mun yi sati uku a asibiti a Yauri. Da aka sallamo mu, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Matar da ake jin muryarta tun daga bakin ruwa ta koma sai ido.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abinci. Inna ta ƙi ci. Ba wai ba ta iya haɗiya ba ne, malamin asibiti ya gwada ya ce tana iyawa sarai. Ƙi ta yi. In na kai cokalin koko bakinta sai ta datse haƙora ta kau da kai. Na yi lallashi, na yi roƙo, na yi kuka. Da haƙurina ya ƙare na yi mata tsawa, Allah ya yafe mini, na ce, “Inna, so kike ki mutu a hannuna a ce ni na kashe ki da yunwa?” Ta dube ni kawai. Da ƙyar nakan samu cokali uku ko huɗu su wuce a yini, ina kallon wuyan hannunta yana komawa kamar sillen kara.

Ana cikin haka, a ƙarshen bazara, hawainiya ta faɗo daga bishiyar mangwaron tsakar gidanmu, tim, dab da tabarmar Inna. Maƙwabciyarmu tana nan ta shigo ɗibar wuta. Ita ma 'yar banda ce, katanga ɗaya ta raba mu. Ta kurma ihu, ta rarumi taɓarya, tana cewa, “Kashe ta! Kashe ta! In ta tofa ma mutum yawu jikinai duk shi yi dabbare-dabbare!” Ta ɗaga taɓaryar ke nan sai muka ji wani gurnani da ban taɓa jin irinsa ba. Inna ce. Tana dukan ƙasa da hannun hagu, idanunta sun firfito, wuyanta duk jijiya. Wata huɗu ban ji sauti daga bakinta ba sai ranar.

Nan na tuna abin da ta sha gaya mini ina yarinya. A gidan ubanta, can a tsibirin da ruwa ya cinye lokacin da aka datse kogi, ba a kashe hawainiya. In ta shigo gida baƙuwa ce, sai a bar ta ta yi zamanta. Ni dai Allah ya sani tsoronta nake ji, amma na ƙwace taɓaryar na jingine. Na ɗauko wata tsohuwar gura ta marigayi babana, tarkon kifin nan da ake lanƙwasa sanduna a rufa musu raga, mai kama da akurkin kaji. Na sa reshen mangwaro a ciki, na tura hawainiyar da tsinken tsintsiya ina kau da fuska, na ɗaure bakin da igiya. Na ajiye gurar inda Inna za ta riƙa ganinta daga kwance.

To me ake ba hawainiya? Na sa mata tuwo, ba ta ko duba ba. Na sa guntun kifi, na sa ruwa a murfin kwano, na sa tsakin kaji. Kwana uku tana maƙale a reshe, ido ɗaya yana kallon gabas, ɗaya yamma. Na ce to madalla, masu ƙin abinci sun zama biyu a gidan nan, ni 'yasu, wa na yi wa laifi?

Rana ta huɗu da hantsi ina durƙushe gaban Inna da kofin koko, muna kokawar da muka saba, sai wani koren ƙuda ya bi warin guntun kifin nan ya shiga gurar ta ramin raga. Ya sauka a kan ganye yana goge hannuwa. Hawainiyar ta juyo da idanunta biyu wuri ɗaya. Ta ɗaga ƙafa, ta tsaya, ta yi gaba ta yi baya kamar mai shawara da zuciyarta, ta buɗe baki a hankali. Sai fat! Ban ma ga harshen ba, na dai ga ƙudan babu, tana taunawa. Inna ta yi wata karkatacciyar dariya, yawu yana zuba a gefen bakinta. Sannan ta buɗe baki ta ce, “Ci.”

Kofin ya kusa suɓuce mini. Na ce, “Inna, mi kika ce?” Ba ta kula ni ba, hawainiyar take kallo. Ta sake cewa, “Ci.” Na ce, “To ai ta ci, Inna. Saura ke.” Na kai cokali, ta buɗe baki. Ranar ta shanye kofin nan tas, ni kuwa na shiga ɗaki na rufe fuska da zane na yi kukan da ban yi ba tun ranar da ta faɗi.

Daga nan doka ta kafu a gidanmu, ba wanda ya faɗe ta da baki. In hawainiya ta ci, Inna za ta ci. In ba ta ci ba, ko me na dafa sai dai in ci abina. Akwai lokacin da ta yi saɓa, fatarta ta yi fari tana ɓarewa kamar ɓawon albasa, ta kwana biyu ba ta kula ƙuda ba. Kwana biyun nan Inna ma ko ruwan koko ba ta karɓa ba. Saboda haka ran uwata ya koma rataye a bakin wata 'yar halitta da ba ta kai tsawon tafin hannuna ba, ni kuma da na tashi ina korar ƙuda na koma nemansu.

Ba ƙaramin aiki ba ne, kada wani ya raina. Hawainiya ba ta cin mataccen abu. Ko yanzu kika kashe ƙuda kika ajiye a gabanta, ta gwammace ta kwana da yunwa, sai mai motsi. Ba ta kuma shan ruwa a kwano, sai an yayyafa a ganye ta lasa. Da farko hanjin kifi nake sawa a gwangwani cikin gurar don ƙudaje su kawo kansu, amma wari ya hana Inna sakat, cinnaku kuma suka yi hanya har kan tabarmarta. Sai na sake dabara. Na yanke gorar roba daga kafaɗa, na juya bakin ya kalli ciki, na sa ɗan hanjin kifi a gindi, na ajiye can bayan gida. Ƙuda ya shiga, ba ya gane hanyar fita. Gurar kuma na lulluɓe ta da tsohon gidan sauro. Kullum da hantsi, in rana ta ɗumama bayanta, sai in kwance igiyar bakin gura in juye mata guda goma ko fiye, in ɗaure. Koraye manya ta fi so. Ƙananan baƙaƙen sai ta gama da waɗancan take waiwayarsu.

Magana ta zaga bakin ruwa. In na sauko sarin kifi wurin masunta sai in ji ana, “Ga mai kiwon ƙuda nan! Nawa nawa kike sai da mudu?” Maƙwabciyar tamu ita ce gaba-gaba wajen tsiya. Wata rana ta ishe ni, na juyo na ce mata, “Ke, hawainiyarki ta kiyayi ramata!” Rumfa ta kwashe da dariya, har da masu riƙe ciki, don kowa ya san a gidan wa hawainiyar take. Ni ma sai da na dara. Ban damu ba, Inna ta fara cika, har tana iya zama da kanta ta jingina da bango.

Malamin asibiti ya ce a riƙa sa ta amfani da hannun hagu, kada shi ma ya mutu. Ba sai da na sa ta ba. Inna ta ƙudurta a ranta ita za ta kama wa hawainiyarta ƙuda da hannunta. Takan nuna mini faranti, in shafa masa ruwan kifi in ajiye a gabanta. Ta lanƙwasa tafin hannu, ta yi kasaƙe, ƙuda ya sauka, ta kai sura, ya tashi. Ta sake, ya tashi. Hannun hagu ne, ga rawa, ga rashin saba. Sau ɗaya ko biyu ta dace ta buge wani, amma ya mutu a ƙarƙashin hannunta, hawainiya kuwa ta dube shi ta kau da ido. Irin wannan ranar Inna takan ciji bayan hannunta don haushi har sai shaidar haƙora ta fito. Na ce, “Inna, ki bari mana, ga gora cike.” Ta harare ni. Wata uku tana wannan fama, ba ta kama ko ɗaya da rai ba.

Sai damina ta zauna. Duk 'yar banda ta san tsakiyar damina ita ce lahira kusa. Itace jiƙe, sai hayaƙi mai ɗaci ba zafi, rana ta yi kwana uku ba a gan ta ba, kifin da kika gasa jiya ya wayi gari ya yi laushi yana gumi. Ga ni ni kaɗai, rabin yinina yana wurin Inna, wanka da juyi da wankin tsumma. Ba mai tsaya wa kifi da mafici. Na kai kwalin kifi kasuwar Yauri, wani mai saye da ke lodi zuwa kudu ya ɗauki tarwaɗa ɗaya ya karya, tsutsotsi suka zubo a kan takalminsa. Da ƙafa ya turo mini kwalin, a gaban mutane. Sati na gaba haka aka sake. Ni ɗiyar matar da ake sayen kifinta ba a buɗe kwali! Na hau mota na dawo ina haɗiyar zuciya, maganin hawan jinin Inna saura na kwana biyu.

Maƙwabciyar ce ta tare ni a bakin ruwa. Ta ce, “Ke, mi kika ɗauki kanki? Waliyyiya? Kowa na sa fiya-fiya. Ɗan kaɗan cikin ruwa, ki yayyafa, ba ƙuda ba tsutsa. Wa kika taɓa jin ya mutu? Innarki zamaninta daban, lokacin itace banza ne.” Na zage ta tas ranar. Bayan kwana biyu na je rumfarta da ƙafata na ce ta nuna mini.

A rumfarta nake yi, can bakin ruwa, nesa da hancin Inna. Warin yakan lafa in ya kwana, hayaƙi ya danne shi, sai wanda ya kai hanci kusa zai ji. Kuma kada wanda ya ce ban san abin da nake yi ba. Na sani sarai, don kifin da za mu ci a gida daban nake ware shi, in rataye a kwando cikin madafa, ko ɗigo ba na bari ya taɓa shi. Sau huɗu na kai irin wancan kasuwa. Mai sayen nan ya karya, ya duba, ya ce, “Yauwa, yanzu kika dawo hanya.”

Na biyar ɗin ne bai je kasuwa ba. Na yayyafa da yamma, na ma ƙara hannu don kifin ya yi laushi sosai, na kawo kwalaye biyu gida saboda motar kasuwa daga bakin layinmu take tashi. Da asuba ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, har hantsi bai tsaya ba, direba ya aiko cewa hanya ta yanke, ba tafiya. Da rana ta leƙo na ce kada kifi ya yi gumi a kwali. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na baza shi, na gyara wa Inna zama a ƙarƙashin rumfa kusa da gurarta, na sauka bakin ruwa neman busasshen itace. Ko tunanin ƙuda bai zo mini ba, wallahi bai zo ba. Hankalina yana kan hadarin da ke sake haɗowa ta yamma.

Tun daga ƙofar gida na ji dariyarta. Na shigo na tarar Inna ta ja gindi daga rumfa har bakin tabarmar kifi, abin da ba ta taɓa yi ba, zanenta duk laka. Ta maƙale wata gorar roba tsakanin cinyoyinta. Da ta gan ni ta ɗaga mini ita sama tana girgizawa. Ƙudaje ne a ciki, sun fi ashirin, koraye manya, suna motsi. Ta ajiye, ta ɗaga mini yatsa alamar in tsaya in gani. Ta miƙa hannun nan mai rawa, ta sa yatsu biyu, ta ɗauki ƙuda daga kan tabarma kamar mai tsintar gyaɗa. Bai ko yi yunƙurin tashi ba. Ta nuna mini shi yana wutsil-wutsil da ƙafafu, ta jefa a gora, ta dube ni. Fuskar Innata ce ta da, ta ranar da ta bi matar nan da itacen wuta. Rabon da in ga wannan fuskar tun kafin ta faɗi.

Na dubi ƙasa. A gefen tabarma wasu ƙudajen suna tafiya kamar masu maye, wasu sun kwanta rigingine suna juyawa wuri ɗaya. Na dubi kifin da na yayyafa wa magani jiya. Ba sai an gaya mini ba.

Ba ta ba hawainiyar ko ɗaya ba tukuna, don ƙullin igiyar bakin gura sai da hannu biyu ake kwance shi. Ni take jira. Ta nuna gurar, ta nuna ni, ta ce, “Ci.”

Nan ne wurin da nake komawa kullum. 'Yan kalmomi kawai ake nema a bakina: Inna, kar ki ba ta. Amma in na faɗa za ta dube ni da idon nan nata mai tambaya, kuma Inna jikinta ne ya shanye, hankalinta garau yake. Za ta dubi ƙudan, ta dubi kifin, ta gane. Sai na shiga yi wa kaina ƙarya a tsaye. Na ce ai ɗan kaɗan ne. Na ce ai hawainiya ba za ta kula waɗanda ba su tashi ba. Na ce in na hana ta yau, wata ukun da ta yi tana fama fa, da wannan dariyar? Duk ƙarya ce, kunya nake gudu. Na sauke itacen, na kama Inna na mai da ita rumfa, na durƙusa na kwance igiyar da hannuna.

Ita ta juye su da kanta. Suka bi reshe suna rarrafe, ga motsi, ga sauƙin kamu. Hawainiyar ba ta taɓa samun banza irin ta ranar ba. Fat, fat, fat. Kowane ɗaya ta ɗauke sai Inna ta daki cinyarta ta ce, “Ci! Ci!” Ni kuwa na juya baya na hau kwashe kifi ina cusawa a kwali, na share matattun ƙudajen na tura bayan randa. Da azahar Inna ta ci tuwon shinkafa da miyar kuka da hannunta, ba cokali, ba taimakona, ta miƙo kwano a ƙara mata. Na ƙara mata. Ni ko loma ɗaya ban iya kaiwa baki ba.

Kafin la'asar launin hawainiyar ya juye. Mun saba ganinta kore shar, in ta ji haushi ta yi ɗige-ɗige, amma wannan baƙi ne kamar gawayi. Ƙafafunta suka saki reshe, ta rataye da wutsiya, sannan ta faɗo. Harshen nan da ban taɓa gani da kyau ba ya fito waje, dogo, ya kwanta a ƙasa, ta kasa mai da shi. Jikinta yana karkarwa. Na yayyafa mata ruwa, na fito da ita iska, ni da ban taɓa yarda na taɓa ta ba na ɗora ta a tafin hannuna ina hura mata baki, ina cewa, “Tashi mana, don Allah tashi.” Inna ta miƙo hannu, na sa mata ita. A hannunta ta ƙarasa, rana ba ta kai ga faɗuwa ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon abin da ke hannunta. Sannan ta ɗago ta bi tsakar gida da ido a hankali, inda tabarma take ɗazu, da sawun tsintsiya, har bayan randa inda iska ta fara watso abin da na ɓoye. Ta ajiye hawainiyar a cinyarta. Ta nuna kwalayen da ke bakin ƙofar ɗaki.

Na yi kamar ban gane ba. Na ce, “Kihi kike so, Inna? Bari in kawo miki.” Na shiga madafa na ɗauko daga kwandon gida. Ta karɓa ta yi jifa da shi har ya daki katanga. Ta sake nuna kwali, ta daki ƙasa. Na je na buɗe, na ɗauko tarwaɗa ɗaya, na kawo mata. Ta danne ta da gwiwa ta karya da hannu ɗaya, ta kai hanci, ta shaƙa, ta sake shaƙa. Sai ta miƙo mini ɓarin, dab da bakina.

Ta ce, “Ci.”

Na ce, “Inna, na ƙoshi.”

“Ci.”

Na dubi kifin. Ni na gasa shi, ni na san abin da na zuba masa jiya, na kuma san na ƙara hannu. Bakina ya ƙi buɗuwa. Na datse haƙora na kau da kai, yadda take yi mini da cokalin koko. Ta riƙe hannun nan a miƙe har ya fara rawa, sannan ta sauke. Ta ajiye kifin a ƙasa kusa da ƙafata, ta juya fuskarta bango.

Washegari na haƙa rami bayan gida na binne kwalayen biyu duka, na zo na gaya mata. Ba ta juyo ba. Na dama koko na kawo, ta datse baki. Na durƙusa na faɗi komai, har sau huɗun da na kai kasuwa, na ce ta dake ni, ta tsine mini in ta ga dama, amma ta ci abinci. Ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Na shiga neman wata hawainiya kamar mahaukaciya. Na bi gonakin hanyar Ngaski ina leƙa kowane reshe, na roƙi manoma, na je wurin masu sai da maganin gargajiya a kasuwa, su busassu kawai gare su a tsire a tsinke. Bayan kwana tara wani manomin shinkafa ya kawo mini guda a cikin hularsa. Na wanke gurar, na sa sabon reshe, na ajiye gaban Inna. Ta dubi hawainiyar, ta daɗe. Ta dube ni. Sai ta girgiza kai, ta nuna bishiyar mangwaro. Na ce, “Inna, zan kula da ita, wallahi zan kula.” Ta sake nuna bishiyar. Ba ta yarda a bar wani abu mai rai ya ci daga hannuna ba. Na kwance igiyar, na ɗora ta a reshe, muka zuba mata ido tana hawa da tafiyarta ta ba-na-sauri har ganye ya rufe ta.

Abin da ya fi ƙona mini rai har gobe shi ne hannun da Inna ta yarda da shi. Maƙwabciyar nan ce. Ta shigo dubiya wata safiya, ta ɗauki kofin da na gaji na ajiye, ta kai bakin Inna, Inna ta buɗe ta sha cokali biyar. Ita fa! Wadda ta ɗaga taɓarya, wadda ta auna mini fiya-fiya da hannunta! Maganar ta zo mini har maƙogwaro, in ce Inna kin san wace ce wannan kuwa? Na haɗiye, don in na faɗa, hannu ɗayan da ya rage shi ma ya tafi. Haka na koma kullum safe da yamma ina leƙa katanga ina cewa, “Don Allah in kin samu sarari ki taho ki ba Inna koko.” Wata rana ta zo, wata rana ta ce tana da kifi a wuta. Ba mu taɓa tayar da zancen ba, ni da ita, ko sau ɗaya.

Cokali biyar ba ya riƙe mutum. Inna ta yi ta zubewa, ana fara yankan gero ciwon ya sake bugunta, ta kwana biyu ta cika. Mutane suka ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, ba na jayayya da ikon Allah. Ranar da za ta rasu da safe na riƙe hannunta na hagu na ce, “Inna, ki yafe mini.” Idonta a buɗe yake, yana kaina. Ban san abin da ke cikinsa ba. Na so ta matsa hannuna ko kaɗan, na jira, ban ji komai ba, wataƙila kuma ƙarfin ne babu. Maganar ƙarshe da uwata ta yi mini a duniya ita ce waccan ta bakin kwali.

Mutanen da suka ci kifin da na kai sau huɗun nan ban san su ba, ban san garinsu ba, ban san ko da yara a cikinsu ba. Ba ni da inda zan je in tambaya.

Har yanzu ina banda, ba ni da wata sana'ar. Da damina ina asarar kifi, tsutsa ta ci rabonta, in zubar in dawo gida. Gurar tana nan rataye a madafa, gidan sauron ya ruɓe a jikinta, na kasa jefarwa. In na kai kaya Yauri, kafin mai saye ya taɓa kwali nakan ɗauki ɗaya daga tsakiya, in karya, in kai baki in ci a gabansa. Suna dariya, suna cewa matar Wara ta iya dabarar ciniki. Ni dai ina taunawa in haɗiye, kuma har yau bai taɓa wuce mini maƙogwaro da daɗi ba.